Sanin kai da neman tallafi a aikin jin daɗin jama'a: nauyin wa ne?

Rakiya_Walwala
Assalamu alaikum 'yan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina da tambaya da nake so mu tattauna a kanta, musamman da waɗanda suka daɗe a aikin jin daɗin jama'a. Tun muna ɗalibai ake nanata mana cewa ma'aikaci ba shi da kayan aikin da ya wuce kansa, wato kunnensa da harshensa da zuciyarsa, don haka wajibi ne ya san abin da ke fusata shi, da abin da ke karya masa zuciya, da irin mutanen da yake saurin yanke wa hukunci. Amma da zarar mutum ya kama aiki sai ya tarar duk wanda ya buɗe baki ya ce wani kes, wato matsalar mutum ko iyalin da aka ba shi ya taimaka wa, ya yi masa nauyi, ana yi masa kallon rago ko wanda bai cancanci aikin ba. Tambayata kashi biyu ce. Shin mutum zai iya sanin kansa shi kaɗai, ba tare da wani ya zauna da shi yana yi masa tambayoyi ba? Sannan tallafin da ma'aikaci ke buƙata, haƙƙinsa ne a kan ma'aikatar da ta ɗauke shi, ko abu ne da zai nemar wa kansa bayan an tashi aiki? Ni dai ra'ayina shi ne sanin kai ba ya samuwa a kaɗaice, amma ina so in ji ta bakinku.

Malam_Sule
Wa alaikumus salam Malama Rakiya. Na daɗe ina koyar da wannan darasi, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibai shi ne sanin kai ƙwarewa ce da ake koyo kamar yadda ake koyon rubuta rahoto. A shekarar 1957 masanin aikin jin daɗin jama'a Felix Biestek ya jera ƙa'idoji bakwai na alaƙar ma'aikaci da wanda yake yi wa hidima, daga ciki akwai karɓar mutum yadda yake, da kauce wa yanke masa hukunci, da barinsa ya zaɓar wa kansa mafita, da riƙon sirri. Wadda ta fi shafar tambayarki ita ce wadda ta ce ma'aikaci ya bari halin da mutum ke ciki ya taɓa shi, amma ya kasance shi ke sarrafa abin da ya ji, yana amfani da shi don amfanin mai neman taimako. To, ba yadda za a yi mutum ya sarrafa abin da bai ma san yana motsi a cikinsa ba. A wannan shekarar kuma masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ya sanya gaskiyar mai taimako cikin sharuɗɗan da ke sa taimako ya yi tasiri, ma'ana abin da ke zuciyarsa kada ya saɓa da abin da ke fuskarsa. Mutanen da aka daɗe ana wulaƙantawa sun fi kowa saurin gane murmushin da bai kai zuci ba, kuma idan suka gane sai su rufe bakinsu.

Dan_Fayil
Malam, ina girmama iliminka, amma ku bari in faɗi abin da da yawa daga cikinmu ke faɗa a bayan ido. Mutumin da ya zo ofis da yara ba su da wurin kwana, ko matar da ta gudo daga duka, ba su zo su ga ma'aikacin da ke nazarin zuciyarsa ba. Sun zo ne a yi musu aiki: a cike takarda, a kira wanda ya kamata a kira, a samo musu mafaka. Ina tsoron kada wannan magana ta sanin kai ta mayar da hankalinmu daga kan masu matsala zuwa kanmu. Ma'aikacin da fayiloli suka yi masa yawa har ba ya iya tuna sunayen mutanensa, yaushe zai sami lokacin zaman tunani?

Tsohuwar_Ma'aikaciya
Ɗana Dan_Fayil, damuwarka gaskiya ce, amma bari in nuna maka inda zuciyar ma'aikaci ke shiga cikin takardar nan da ka ce a cike. Lokacin da nake duba aikin ƙananan ma'aikata, wata yarinya mai ƙwazo ta dawo daga ziyarar gida ta rubuta a rahotonta cewa uwar yaran ba ta damu da tarbiyyarsu ba. Na ce mata ta ajiye biro ta gaya mini abin da idonta ya gani. Ta ce ta ga kwanuka ba a wanke ba, ta ga wanki a jibge a ƙofar ɗaki, kuma uwar ba ta tashi ta tarbe ta ba. Na tambaye ta yaya yaran suke. Ta yi shiru, sannan ta ce suna da tsafta, ƙaramin yana maƙale da uwarsa, babbar kuma ta kawo littafin makarantarta ta nuna mata ba tare da tsoro ba. Da muka ci gaba da magana sai ta ce ita a gidan da ta tashi, barin kwano ba a wanke ba babban abin kunya ne, kuma rashin tashi a tarbi baƙo raini ne. Daga baya ta koma gidan ta gano cewa matar ba ta daɗe da yin ɓari ba, jikinta bai dawo ba. Da an bar jimlar nan ta farko a fayil, duk ma'aikacin da ya gaji kes ɗin zai shiga gidan da ita a kansa. Yarinyar ba muguwa ba ce, tarbiyyarta ce ta riƙe mata biro ba ta sani ba. Don haka ni a wurina sanin kai yana cikin aikin cike takardar, kuma minti kaɗan muka ɗauka muka gyara.

Ɗalibin_Aiki
Mama, wannan misali ya buɗe mini ido. Amma ina da tambaya ga manyanmu: wani lokaci mutum yakan shiga gida ya ji gabansa na faɗuwa, kuma daga baya ta tabbata akwai haɗari a gidan. Ta yaya zan bambance jin da ke gargaɗina game da gaskiyar lamari da jin da ya taso daga tarihina ni kaina?

Mai_Duba_Aiki
Ƙanena, ba za ka iya bambancewa nan take ba a mafi yawan lokuta, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa aka ƙirƙiro zaman duba aiki, wato zaman da ma'aikaci ke yi da na gaba da shi su tattauna aikinsa. Abin da za ka yi shi ne ka ɗauki jin nan a matsayin tambaya, ka nemi abin da ya tayar da shi. Idan gabanka ya faɗi, tambayi kanka me ka gani ko ka ji daidai lokacin: shin yaro ne ya daina magana da wani ya shigo, ko matar ce take kallon ƙofa kafin ta amsa kowace tambaya? Idan ka samo abu irin wannan, ka rubuta shi, hujja ce. Idan kuwa ka bincika ka ga muryar maigidan ce kawai ta yi kama da ta wani da ka tsorata da shi kana yaro, to ka san naka ne, ka kai shi wurin mai duba aikinka.

Tun a 1910 likita masanin halayyar ɗan Adam Sigmund Freud ya yi magana a kan yadda abin da ke cikin mai magani kan motsa saboda majinyacinsa, kuma masu aikinmu sun ɗauki darasin ko da ba su bi sauran ra'ayoyinsa ba. Ni alamomin da nake lura da su a wurin ma'aikatana ba su da wuyar gani. Akwai fayil ɗin da kullum ake ture shi zuwa gobe. Akwai gidan da ake ziyarta fiye da ƙima, har ma'aikaci ya ba da lambar wayarsa ta gida, ya fara kashe kuɗin aljihunsa, ya ji haushi idan an ce wani abokin aiki ya karɓi kes ɗin. Akwai kuma mutumin da idan an ambaci sunansa sai ma'aikaci ya ja tsaki kafin ya yi magana. Duka ukun suna gaya mini cewa wani abu na ma'aikacin ya shiga tsakani.

Malama Rakiya, game da kashi na biyu na tambayarki, Alfred Kadushin ya bayyana a 1976 cewa duba aiki yana da ayyuka uku: tabbatar da an bi tsari, koyar da ma'aikaci, da tallafa masa. Abin takaici shi ne a wurare da yawa na farkon ya cinye sauran biyun, zaman ya koma ƙidayar fayiloli da tambayar ranar da za a miƙa rahoto.

Asabe_K
Wannan jimla ta ƙarshe ita ce halin da muke ciki. Ban taɓa fita daga zaman duba aiki da nauyin da ya ragu ba, sai dai da jerin abubuwan da ban gama ba.

Dakta_Kabiru
Ina so in raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne matsananciyar gajiyar aiki, wadda Herbert Freudenberger ya bayyana a 1974 bayan ya lura da ita a tsakanin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a birnin New York. A 1981 Christina Maslach da Susan Jackson suka fitar da ma'aunin da ke duba fuskoki uku nata: ƙarewar ƙarfin zuciya, da fara kallon mutane kamar lambobi, da jin cewa aikinka ba ya tsinana komai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin kundinta na rarrabe cututtuka, amma ta fayyace cewa lamari ne da ke da alaƙa da wurin aiki, ba ta ƙidaya shi a matsayin cuta ba, kuma ta danganta shi da matsin aiki mai tsawo da ba a shawo kansa ba.

Na biyu shi ne raunin da mutum ke ɗauka daga sauraron bala'in wasu. Lisa McCann da Laurie Anne Pearlman sun yi rubutu a kansa a 1990, Charles Figley kuma ya yaɗa batun gajiyar tausayi a 1995. Wannan yana iya kama ma'aikacin da aikinsa bai ma yi yawa ba. Alamarsa ita ce duniya ta canza masa kama: wanda ke aiki da yaran da aka ci zarafinsu sai ya daina yarda da kowa a kusa da 'ya'yansa, ya riƙa mafarkin abin da aka ba shi labari, ya kasa barci. Hutu yana rage na farkon, amma na biyun sau da yawa yana buƙatar zama da ƙwararren mai ba da shawara.

Dan_Fayil
Dakta, ka ƙarfafa mini gwiwa ba ka sani ba. Idan Hukumar Lafiya ta Duniya da kanta ta ce tushen abin matsin wurin aiki ne, me ya sa ake tara mu a taron bita ana ce mana mu riƙa motsa jiki, mu riƙa barci da wuri, mu koyi numfashi? A ma'aikatar da na taɓa yi wa aiki, an yi mana irin wannan taro a makon da aka ƙara mana fayilolin abokan aikin da suka ajiye aiki ba a maye gurbinsu ba. Na ji an ce ƙungiyar ma'aikatan jin daɗin jama'a ta Amurka ma ta sanya kula da kai cikin kundin ɗa'arta a 2021. Ni abin da nake gani shi ne an ɗauki laifin ma'aikata an ɗora a kan ma'aikaci, idan ya faɗi a ce bai kula da kansa ba.

Yakubu_T
Ɗan'uwa, gyara kaɗan a kan kundin na 2021. Gaskiya ne an ƙara batun kula da kai, amma a wuri guda an yi kira ga ma'aikatu da ƙungiyoyi da makarantun horarwa su tsara manufofi da ayyukan da za su tallafa wa ma'aikaci a kan hakan. Ke nan rubutun bai sauke wa ma'aikata nauyi ba, masu shirya taron bita ne ke karanta rabin da ya yi musu daɗi. A sauran maganarka ina tare da kai. Maslach ɗin da Dakta ya ambata, ita da Michael Leiter sun lissafa wurare shida da rashin daidaito ke haifar da gajiyar nan: yawan aiki, da ikon da mutum ke da shi a kan aikinsa, da sakamako, da zaman tare da abokan aiki, da adalci, da dacewar aƙidar mutum da ta ma'aikata. Babu ko ɗaya a cikin shidan da ma'aikaci zai gyara shi kaɗai.

Ladi_M
Ku yi mini afuwa zan ɗan karkata. Idan ma'aikata ba ta ba da tallafin ba, mutum gida yake komawa da kayansa, kuma a nan matsalar sirri take tasowa. Akwai ranar da zan dawo ba na son magana da kowa, maigidana ya tambaye ni abin da ya faru, ni kuma amanar mutane ce a bakina. Idan na yi shiru sai ya ɗauka da shi nake fushi, idan na yi magana na ci amana. Yaya sauran 'yan'uwa mata da maza suke yi da wannan?

Maman_Isa
'Yar'uwa Ladi, abin da ya yi mini amfani shi ne na zaunar da iyalina a ranar da hankalina ke kwance, na bayyana musu cewa aikina yana da sirrin da ba zan iya buɗewa ba, kuma idan suka ga na dawo shiru ba su ne suka yi mini laifi ba. Muka yi yarjejeniya cewa zan iya cewa yau ta yi mini nauyi, su kuma su ba ni ɗan lokaci ba tare da tambaya ba. Ina gaya musu abin da nake ji, ba na gaya musu abin da na ji daga bakin mutane. Idan abin ya matsa mini ƙwarai, nakan ba da labarin a dunƙule, na cire sunaye.

Mai_Duba_Aiki
Maman Isa, yarjejeniyar nan taki abin koyi ce, amma ban yarda da jimlarki ta ƙarshe ba. Cire suna ba ya ɓoye mutum. Shekarun yaro, da sana'ar uba, da yawan 'ya'ya, da irin abin da ya faru sun isa wanda ya san gidan ya gane ko su waye, kuma wanda kika gaya wa ba shi da rantsuwar aiki a wuyansa. Sannan akwai nauyin da kike ɗora wa mai sauraro, wanda ba a horar da shi ɗaukar irin wannan labari ba kuma ba shi da inda zai sauke. Iyali za su iya ba ki hutu da ƙauna da abin da zai tuna miki cewa akwai rayuwa a wajen ofis, amma labarin kes wurinsa ɗakin duba aiki ne.

Maman_Isa
Na karɓi wannan, Malam. Sai dai ina roƙon masu duba aiki su buɗe ƙofar ɗakin nan da ka ambata, domin a rufe muke samunta.

Malam_Habibu
Ina mamakin yadda har yanzu ba wanda ya ambaci abin da da yawanmu muka dogara da shi, wato addu'a da yi wa kai hisabi. Malaman tarbiyya sun yi dogon bayani a kan muhasaba ƙarnuka kafin a san wata sana'a mai suna aikin jin daɗin jama'a: mutum ya zauna a ƙarshen yini ya tambayi kansa me ya yi, don wa ya yi, kuma ina son zuciya ya shiga. Ni wannan ne ke riƙe da ni, kuma shi ke tuna mini cewa ba ni ne mai ceton kowa ba, iyakata in yi ƙoƙarina. Ma'aikacin da ya ɗauka cewa rayuwar mutane gaba ɗaya a hannunsa take, shi ne ke fara karyewa.

Malam_Sule
Malam Habibu, ba na jayayya da kai ko kaɗan, kuma tawali'un da ka ambata babban kariya ne. Amma a nan ne nake komawa ga tambayar Malama Rakiya ta farko. A 1955 Joseph Luft da Harrington Ingham suka zana wani tsari mai gida huɗu game da sanin kai: abin da ka sani game da kanka kuma mutane suka sani, abin da ka sani ka ɓoye, abin da mutane ke gani a tare da kai amma kai ba ka gani, da abin da ba wanda ya sani tukuna. Hisabin da mutum ke yi shi kaɗai yana aiki sosai a gida na biyu, domin a nan ne yake fuskantar abin da ya ɓoye. Gida na uku kuwa ba ya buɗuwa sai da bakin wani, gwano ba ya jin warin jikinsa. Ma'aikaciyar da Mama ta ba mu labarinta da ta zauna ta yi wa kanta hisabi a daren nan, da wuya ta ga wani laifi, domin a ganinta gaskiya ta rubuta. Su ma malaman tarbiyyar ai sun yi ta kwaɗaitar da mutum ya nemi malami ko aboki na gaskiya da zai nuna masa aibinsa.

Nas_Hauwa
Ni ma'aikaciyar jinya ce, amma muna aiki kafaɗa da kafaɗa da jami'an walwala, kuma matsalarmu ɗaya ce. Ga waɗanda ba su da mai duba aiki na kirki, akwai hanyar da likitoci suka daɗe da ita. A shekarun 1950 Michael Balint ya fara tara likitoci a Landan cikin ƙananan rukunoni, mutum ɗaya ya kawo labarin majinyacin da ya tsaya masa a rai, sauran su tattauna alaƙar da ke tsakaninsu maimakon maganin da za a rubuta. Mu ma mun kafa irin wannan zama tsakaninmu, da sharaɗin cewa abin da aka faɗa a ɗakin ya tsaya a ɗakin, kuma ba a zo don a ba wa juna umarni ba. Abu ɗaya nake gargaɗi a kansa: idan wani mummunan abu ya faru, kamar rasuwar yaron da ake bin kes ɗinsa, kada a tilasta wa ma'aikaci ya zauna ya zayyana komai nan take da sunan taimako. Jagorar taimakon farko na kwantar da hankali da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 tare da wasu ƙungiyoyi ta ce a saurari mutum idan yana son magana, kada a matsa masa. Wani ma'aikacin, abin da yake buƙata a ranar shi ne a karɓar masa ziyarar da ta rage, a raka shi gida.

Asabe_K
Tunda magana ta kai nan, bari in tambayi abin da na daɗe ina riƙewa. Ni marainiya ce, a hannun dangi na tashi, kuma wannan ne ya kawo ni aikin. Wani malaminmu ya taɓa cewa irinmu bai kamata mu yi aiki da marayu ba domin za mu kasa tsayawa a tsakiya. Shin haka ne? Kuma ya halatta in gaya wa yaron da nake taimako cewa ni ma na bi ta wannan hanya?

Tsohuwar_Ma'aikaciya
'Yata Asabe, malamin nan ya faɗi rabin gaskiya. Da yawa daga cikin ma'aikatan da na fi yarda da su wani ciwo ne ya kawo su aikin, kuma suna jin abin da yaro bai faɗa ba tun kafin sauranmu mu lura. Haɗarin yana wuri ɗaya ne: ki ɗauka cewa maraicinsa irin naki ne. Wataƙila ke an ƙuntata miki a gidan riƙo, shi kuma yana samun kulawa, sai ki shiga gidan kina zargin mutanen da ba su yi komai ba. Ko kuma ke kin yi haƙuri kin yi karatu kin fita, sai ki kasa jure wa yaron da ya zaɓi wata hanya. Wanda ya san ciwonsa kuma ya sanar da mai duba aikinsa ya fi wanda ya ce shi ba shi da komai aminci.

Game da gaya wa yaro, ki tambayi kanki kafin ki buɗe baki: wa wannan magana za ta amfana? Idan yaron ya yanke ƙauna yana ganin ba wanda ya taɓa fita daga irin halinsa, jimla ɗaya za ta iya isa, sannan ki mayar da magana kansa. Idan kuwa kika ji kina son ci gaba da bayani, ko kika ga yaron ya fara lallashinki, to an juya kujeru, ki tsaya.

Yakubu_T
Ina so in ƙara wa Dan_Fayil wata hujja a kan cewa wannan batu kariya ce ga masu neman taimako kafin ma'aikaci. A 1999 Eileen Munro ta wallafa nazarin da ta yi wa rahotanni 45 na binciken cin zarafin yara a Birtaniya, daga 1973 zuwa 1994. Babban abin da ta gano shi ne ƙwararru suna jinkirin sauya ra'ayin da suka fara ɗauka game da iyali, ko da sabuwar hujja ta zo da ta saɓa masa. Idan an yi wa gida kyakkyawan zato tun farko sai a riƙa yi wa raunuka uzuri, idan an yi masa mummuna sai a daina ganin ƙoƙarinsa. Haka kuma rahoton Lord Laming na 2003 a kan mutuwar Victoria Climbié, yarinya 'yar shekara takwas da ta rasu a Landan a 2000, ya nuna raunin duba aikin ma'aikatan da ke riƙe da kes ɗin, ya kuma nemi ma'aikaci ya riƙa sauraron abin da aka gaya masa da ladabi amma kada ya haɗiye shi ba tare da bincike ba. Mutumin da ya gaji, kuma ba wanda ke tambayarsa me zai sa ya canza ra'ayi, shi ne ya fi manne wa hukuncinsa na farko.

Ɗalibin_Aiki
To amma manyanmu, mai duba aikin nan shi ne kuma yake cike takardar ƙarin girma. Idan na gaya masa cewa wani gida yana tsorata ni, ko na kasa barci saboda wani yaro, me zai hana ya rubuta cewa ba ni da juriya?

Mai_Duba_Aiki
Babu abin da zai hana shi sai amanarsa da kuma tsarin ma'aikata, kuma tsoronka yana da tushe. Wasu ma'aikatu sun raba ayyukan biyu, shugaban sashe ya duba bin tsari, wani ƙwararre daban wanda ba ya cikin masu yanke hukunci a kan ma'aikaci ya riƙe zaman tunani da tallafi. Inda ba a raba ba, ya kamata a yi yarjejeniya a rubuce tun zaman farko: me zai shiga fayil ɗin ma'aikaci, me zai tsaya tsakaninku, kuma a wane hali ne dole a kai magana gaba, wato idan akwai haɗari ga wanda ake yi wa hidima. Ni nakan fara zama da tambayar wane kes ne ya bi ka gida a wannan makon, kafin mu taɓa lissafin rahotanni, domin na lura idan aka fara da lissafi lokaci yakan ƙare a can. Kuma mu masu duba aiki muna buƙatar wanda zai zauna da mu, abin da ba kasafai ake tunawa ba.

Rakiya_Walwala
Na gode muku ƙwarai. A kashi na farko na tambayata na ƙara samun natsuwa da bayanin Malam Sule da misalin Mama, kodayake maganar Malam Habibu ta sa na ga cewa zaman da mutum ke yi da kansa shi ke shirya shi ya iya karɓar gyara daga wani. A kashi na biyu kuwa har yanzu ina tsakiya. Na yarda haƙƙi ne a kan ma'aikata, amma Ladi da Asabe da ɗalibinmu gobe za su koma aiki a wuraren da ba a ba da wannan haƙƙi, kuma ban ga ya dace mu ce su jira ba. Nas Hauwa, ina so ki yi mana ƙarin bayani a kan yadda kuka kafa rukuninku, musamman yadda kuka shawo kan shugabanni su ba ku lokaci a cikin sa'o'in aiki.

Dan_Fayil
Ni ma ina jiran wannan amsa, domin a nan gizo ke saƙar. Na ji hujjar Yakubu, kuma ba zan sake cewa zaman tunani ɓata lokaci ba ne. Amma idan rukunin zai zauna ne bayan an tashi aiki, a lokacin da ya kamata mutum ya kasance tare da iyalinsa, to mun sake biyan bashin ma'aikata daga aljihunmu. Nas Hauwa, a lokacin aiki kuke zama ko bayansa, kuma wa ke karɓar masu zuwa ofis idan kuna ciki?